Jiri da Tangaɗin Asuba: Bayani Ga Mutanen Bangi da Kewaye

Jama'ar Bangi da Sabon Gida da Urno, har zuwa Buza da Keita, ku kawo kunne. Akwai wata larura da kusan kowane gida ya san ta, amma ba a cika kai ta asibiti ba sai ta kayar da mutum. Ita ce mutum ya kwana lafiya lau, ladan ya kira assalatu, ya yunƙura ya miƙe, sai ƙafafu su ƙi ɗaukarsa. Wani idonsa ya rufe, wani ɗaki ya juya masa, wani ya dinga layi har sai ya dafa bango. In tsoho ne, a ce ai tsufa ne. In mace ce, a ce ta gamu da iska a hanyar rijiya. In mai jiki ne kuwa, kafin ya gama bayani an yanke hukunci: "Tansiyo ce ta tashi." Daga nan sai a aiki yaro wurin mai tebur ya sayo ƙwayar hawan jini.

Aiken yaron nan shi ya sa aka rubuta wannan takarda. Sau da yawa mai tangaɗi bayan tashi daga shimfiɗa jininsa sauka ya yi, ba hawa ba. Wanda ya ba shi ƙwayar saukar da jini ya sayo masa ƙarin ciwo da kuɗinsa. Kuma faɗuwa ba abin rainawa ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum wajen 684,000 a kowace shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa a ciki. Tsohuwar da ta karye a ƙugu a ƙauye, da wuya ta sake zuwa kasuwa da ƙafarta.

Abin da ke riƙe mutum a tsaye

Tsayuwar ɗan Adam tana kan abu uku, kamar tukunya a kan duwatsun murhu. Na farko ido, mai nuna masa inda ƙasa take da inda bango yake. Na biyu can cikin kunne, bayan dodon kunne, inda akwai wasu 'yan bututu uku cike da ruwa masu gaya wa ƙwaƙwalwa ko kai ya juya ko ya sunkuya. Na uku jijiyoyin tafin ƙafa da na gaɓoɓi, masu jin taurin ƙasa da gangararta. Ƙwaƙwalwa ce ke haɗa labarin ukun, ita kuma ba ta aiki sai jini na isa gare ta.

To, da asuba duhu ya riga ya ɗauke ido. Jiki ya kwana bai sha ruwa ba, ya ma zubar da wani ta hanyar gumi da fitsari. Ga gaggawar kada a rasa jam'i. Shi ya sa abin da ya ɓuya da rana yakan bayyana a daidai wannan lokaci.

Saboda haka in wani naka ya yi tangaɗi, kafin kowane magani ka tambaye shi abu uku. Me ka ji, duhun ido ne ko juyawar ɗaki? Ya daɗe ko nan da nan ya wuce? Me ya zo tare da shi? Amsarsa ita ce rabin aikin likita.

Wanda idonsa ke rufewa

Wannan shi ya fi yawa a wurinmu, don haka za mu daɗe a kansa.

Idan mutum na kwance, kansa da zuciyarsa da ƙafafunsa duk a jere suke, jini na tafiya ba wahala. Da ya miƙe, jini wajen rabin lita zuwa lita guda yakan gangara ƙafafu da ciki. A wuya da kusa da zuciya akwai jijiyoyi masu gadin ƙarfin jini. Su ne ke sa zuciya ta ƙara bugu, hanyoyin jini su tsuke, cikin daƙiƙa kaɗan komai ya daidaita ba tare da mutum ya sani ba. Idan jinin ya yi kaɗan, ko ruwan jiki ya ragu, ko masu gadin sun yi nawa saboda shekaru ko ciwon suga ko wata ƙwaya, sai ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta na ɗan lokaci. Mutum ya ga duhu-duhu, kunne ya yi masa ƙara, gwiwa ta saki. Da ya zauna ko ya kwanta sai ya dawo hayyacinsa. Wannan dawowa da sauri ita ce babbar shaidar irin wannan jiri.

Gane shi ba ya bukatar hoto ko na'ura mai tsada. Abin awon jini na kowace likitar ƙauye ya isa, in dai an yi awon yadda ya kamata. Ga yadda ake yi. Majo, wato ma'aikacin likitar, zai sa dattijo ya kwanta minti 5, ya ɗaura masa abin awo a damtse, ya rubuta. Sa'an nan ya ce, "Baba, ku miƙe a hankali, ina riƙe da ku." Ya sake aunawa bayan minti 1, ya kuma aunawa bayan minti 3. Idan lambar sama ta faɗi da 20 ko fiye, ko ta ƙasa ta faɗi da 10, an kama ɓarawon. A lura, a nan Nijar a irin ƙidayar Faransa ake faɗar awon, a ce 14 bisa 9, alhali a tsallaken iyaka a ce 140 bisa 90. Abu ɗaya ne. Faɗuwar 20 a can ita ce faɗuwar 2 a nan. Mutanen bakin iyaka irinmu, masu zuwa asibiti nan da can, ya kamata su riƙe wannan, kada wani ya ji 140 ya ɗauka mutuwa ce ta zo.

Awon da aka yi wa mutum yana zaune kaɗai ba ya nuna wannan larura. Har ma akan sami dattijon da jininsa ya hau yana kwance, ya faɗi da ya miƙe. Don haka kada ka ji nauyin cewa, "Majo, don Allah a auna shi a kwance da kuma a tsaye." Ba rashin ladabi ba ne.

Me ke kawo ta? A ƙasarmu na farko shi ne ƙishirwa. Watannin Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a jihar Tawa. Manomin albasa a fadamar Tarka ko lambunan Galmi yakan wuni yana ban ruwa, gumi na zuba, shi kuwa abin da ya shiga cikinsa shayi ne ƙaramin kofi uku. Dattawa kuma ƙishirwa ba ta cika kama su ba ko da jikinsu ya bushe, wasu ma da gangan suke ƙin shan ruwa da dare don gudun fita fitsari. In azumi ya faɗo a bazara abin ya ninka. Gudawa da amai na kwana ɗaya sun isa su sa ƙato ya kasa tsayuwa. Masassarar cizon sauro ma tana yin haka, shi ya sa da damina da kaka ake yawan jin wannan kuka.

Na biyu ƙarancin jini, kuma mata ne suka fi ɗaukar wannan kaya: ciki bayan ciki, jinin haihuwa, jinin al'ada mai yawa, ga tuwo da miyar da ba ta ga nama ba. Ja fatar idonta ta ƙasa ka duba, ka duba tafin hannu da harshe. In sun yi fari fat, awon jini take bukata. A watan Nuwamba na 2021 kaɗai, hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙidaya mutum fiye da 11,500 da suka tsallako daga jihar Sakkwato zuwa ƙauyukan Bangi, galibinsu mata da yara. Gidan da ya karɓi baƙi ya raba kwano ɗaya gida biyu, in uwar gida ta fara ganin jiri da safe, kada a yi nisa wajen neman dalili.

A nan sai mu yi magana a kan ƙaho. Wanzamai mutanenmu ne, kuma sana'arsu ta gado ce. Amma ƙaho jini yake cirewa. Mai jirin da ya samo asali daga ƙarancin jini, a kafa masa ƙaho a ƙeya a ce za a fitar da mataccen jini, an rage masa abin da dama bai ishe shi ba. Wanzami mai hankali, in ya ga ido ya yi fari, shi da kansa zai ce a tafi likita.

Na uku ƙwayoyi. Magungunan hawan jini, da masu sa fitsari irin su Lasilix, da wasu da ake ba maza dattawa don matsalar fitsari, da na barci, duk suna iya kawo wannan jiri. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani, ta ɗauke wa masu ciki kuɗin awo, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta daɗe tana jinyar yara a asibitin Madawa. Wannan abin godiya ne. Amma tsoho shi ke biya wa kansa, shi ya sa mai tebur ya zama likitansa. Mai tebur kuwa ba ya awo. Zai ba ka irin ƙwayar da ya ba maƙwabcinka, wadda ta sha rana a kan faranti tun bara. A ganina wannan ya fi kowace iska kayar da dattawanmu. Wanda likita ya ɗora a kan maganin hawan jini kuma, in ya fara jiri, kada ya watsar da maganin da kansa, don yin haka na iya jawo shanyewar jiki. Ya koma a rage masa, ko a canza, ko a sauya masa lokacin sha.

Maganin wannan nau'in jiri yawancinsa a gida yake. A tashi hawa-hawa. Da ka farka, motsa ƙafafu kana kwance, ka lanƙwasa ka miƙe kamar sau goma. Tashi zaune, ka yi addu'ar tashi daga barci a zaune, ka ƙara minti ɗaya ko biyu. Ka sha ruwa kofi guda da aka ajiye maka a gefen shimfiɗa tun dare. Sa'an nan ka dafa wani abu ka miƙe, ka tsaya kaɗan kafin ka ɗaga ƙafa. Sannu ba ta hana zuwa. Mai kwana a tabarma a ƙasa ya fi bukatar wannan, gama tafiyarsa zuwa tsaye ta fi ta mai gado nisa: ya fara durƙusawa tukuna. Haka kuma bayan doguwar tsugunno a ban ɗaki ko wurin alwala. In duhun ya zo kana tsaye, kada ka yi ta maza. Tsuguna nan take, ko ka kwanta a ɗaga maka ƙafafu.

In gudawa ce ko gumi ya yi yawa, a haɗa ruwan gishiri da sukari: ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Wanda ke iya sha da bakinsa ba lallai sai an ɗaura masa ƙarin ruwa ba, ko da yake na san mutanenmu ba sa jin an yi musu magani sai sun ga leda a rataye. Amma ƙara gishiri ko kanwa a abinci don a tayar da jini, wannan kada a yi shi ba da izinin likita ba. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka nuna alaƙar ciwon zuciyar masu jego da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego. Mai jegon da ke jiri, ga kumburin ƙafa, ga haki in ta kwanta, asibiti za a kai ta a ranar. Mai ciki kuwa ta riƙe awo, ta sha ƙwayoyin ƙarin jini da na rigakafin masassara da ake ba ta, ta kwana cikin gidan sauro. Zancen azumi da salla, malamai sun riga sun yi bayani: mara lafiya na da sauƙin ajiye azumi ya rama, wanda bai iya tsayuwa ba ya yi salla a zaune.

Wanda ɗaki ke juya wa

Wannan dabam ne, kuma ruwa ko ƙarin jini ba sa yi masa komai. Mai shi zai ce maka, "Ina juyawa ɓangaren dama sai na ga rufin ɗaki na gudu." Yakan zo in mutum ya juya a shimfiɗa, ko ya tashi zaune, ko ya ɗaga kai zai ɗauko abu a rataye, ko ya yi ruku'u da sujada. Yana da tsanani, har da tashin zuciya, amma ba ya kai minti ɗaya in an tsayar da kai. Sai dai yakan bar mutum yana tafiya a ɗarare har hantsi.

Dalilinsa a cikin kunne yake. Kusa da bututun nan uku akwai wata 'yar jaka mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyin alli da ido ba ya gani. Tsufa, ko bugu a ka kamar faɗuwa daga babur ko amalanke, ko doguwar jinya a kwance, na iya sa wasu su ɓalle su faɗa cikin bututu. Duk lokacin da kai ya motsa sai su gangara su kaɗa ruwan, kunne ya aika wa ƙwaƙwalwa labarin ƙarya cewa ana juyawa. Likitan kunne Robert Barany, wanda ya sami kyautar Nobel ta 1914, shi ya fara bayyana larurar a 1921. A 1952 likitoci biyu a Landan, Margaret Dix da Charles Hallpike, suka fito da gwajin gane ta: a juya kan mutum gefe, a kwantar da shi da sauri, a zuba wa idanunsa ido. In ita ce, bayan daƙiƙa kaɗan sai ƙwayar idon ta kama fizga da kanta.

Maganin ya fi gwajin ban mamaki, don babu allura babu ƙwaya. Alain Semont a Faransa a 1988, da John Epley a Amurka a 1992, kowannensu ya wallafa hanyar mayar da ƙwayoyin allin gidansu da hannu kawai. A ta Epley, ma'aikacin lafiya zai zaunar da mutum a gado, ya karkata kansa wajen kunnen da ke da ciwon, ya kwantar da shi rigingine kan ya ɗan rataya. Nan ɗaki zai juya, mara lafiya ya cafke hannun mai yi masa yana salati, a ce masa, "Yi haƙuri Baba, ka bar idonka a buɗe, yanzu zai wuce." Bayan kamar rabin minti a juya kan zuwa ɗaya gefen, a jira, a mirgina jikin duka har hanci ya kalli ƙasa, a jira, sa'an nan a tayar da shi zaune. Galibin masu wannan larura sukan warke a zama ɗaya ko biyu, ko da yake takan dawo wa wasu. Kada a gwada a gida daga karanta takarda, musamman ga mai ciwon wuya. A tambaya a asibitin Madawa, ko na Galmi wanda ke aiki tun 1950, ko babban asibitin Tawa, a ce ana son a duba ko jirin kunne ne. Ƙwayoyin jiri da ake sha wata da watanni ba sa mayar da allin, sai dai su ƙara wa tsoho magagi.

Waɗansu dalilai a gurguje

Da hunturu, in mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai da jiri da tangaɗi, a duba kaskon gawayi ko injin wuta. Gawayi a rufaffen ɗaki na fitar da guba marar wari marar launi, tana kashe mutane cikin barci. A fitar da kowa waje, a buɗe ƙofa da taga, a kai su likita.

Mai ciwon suga da ke shan ƙwaya ko allura, in ya tashi da gumi da rawar jiki da ruɗewa, sugansa ne ya faɗi. A ba shi ruwan sukari in yana iya haɗiya. Ciwon suga da ya daɗe kuma yakan kashe jin tafin ƙafa, mutum ya riƙa taka ƙasa bai san ya taka ba. Yanar ido da dundumi su ma suna da nasu rabon, kuma yanar ido aikin cire ta ba ya ɗaukar lokaci. Kinin na sa ƙarar kunne da jiri, allurar jantamaisin in ta yi yawa tana lalata cikin kunne har abada. Saurayin da ke tashi yana layi kullum, a bincika aljihunsa, tiramol da ƙwayar barci sun shigo ƙauye. Gida kuma a gyara shi: tocila kusa da matashin kai, a kawar da turmi da igiyar akuya da buta daga hanyar ban ɗaki, a ba tsoho sanda, a sa masa gwangwanin fitsari a ɗaki in dare ya yi.

Wanda ba a jira da shi

Galibin abin da aka faɗa a sama yana zuwa ne ya wuce. Akwai wanda ba ya wucewa, kuma shi ne mai kisa. Idan mutum ya tashi yana tangaɗi, ya zauna bai daina ba, ya kwanta bai daina ba, ko a zaune ma yana kifewa gefe guda, a ɗauka jini ne ya toshe ko ya fashe a ƙwaƙwalwa har sai likita ya ce ba haka ba ne. Ka ce ya yi murmushi, ka ga ko baki ya karkace. Ka ce ya ɗaga hannu biyu, ka ga ko ɗaya na zamewa. Ka ce ya faɗi sunansa da na garinsu, ka ji ko harshe ya yi nauyi. Ka tambaye shi ko yana ganin abu biyu-biyu, ko kansa na ciwo irin wanda bai taɓa ji ba. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa. Ko da alamar ta ɓace bayan rabin awa, gargaɗi ne, a tafi.

Haka nan jirin da ya zo da suma, ko ciwon ƙirji, ko bugun zuciya ba tsari, ko baƙin kashi, ko zubar jini ga mai ciki. Haka wanda ya zo da zazzaɓi da sandarewar wuya, don muna cikin ƙasashen sanƙarau. Haka kunne mai zubar da mugunya in jiri ya biyo shi. Tsohon da ya faɗi ya bugi kai ma a sa masa ido har makonni, gama jini na iya taruwa a hankali, sai daga baya a ga yana yawan barci ko yana sakin zance.

A irin wannan hali ba a jiran gari ya waye, ba a jiran ranar kasuwa a sami mota, ba a jiran ɗan da ke Legas ko Agadas ya bugo waya ya ba da izini. Addu'a a yi ta a hanya. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko kunu, don maƙogwaronsa na iya kasa haɗiya ya shaƙe. Kada a ba shi ƙwayar tansiyo ko asfirin. A kwantar da shi a gefensa, a riƙe lokacin da aka gan shi lafiya na ƙarshe don likita zai tambaya, a tattara duk kwalayen maganin da yake sha, har da na mai tebur da na gargajiya, a zuba a leda ɗaya a tafi da su. In abin hawan babur ne kaɗai, a sa shi a tsakiya wani ya riƙe shi ta baya har likita mafi kusa, majo ya rubuta takardar wucewa Madawa.